Yatsun Hafsa

Laraba, bayan isha'i

Kwana shida ke nan da sallamo Hafsa daga asibiti bayan aikin zuciya. Duk wanda ya zo dubiya ya ce "Ya jiki?", sai ta ce "Da sauƙi", alhali ta dafe ƙirji, gumi na keto mata. Mu muka koya mata haka, kuma shekararta bakwai kacal. Har Hajiya mahaifiyata tana yabon dauriyarta, wai a rage mata maganin ciwon.

Yau Madam Nkechi, nas ɗin nan ta Sabon Gari, ta zo shagona karɓar ɗinki. Ta ce, "Malam Sani, daina gaishe ta. Ka ce ta nuna maka ciwon da yatsu, ɗaya zuwa biyar."

Na dawo na durƙusa gaban gadonta na tambaye ta. Ta leƙa ƙofa tukuna, sannan ta ɗaga huɗu.

Ban taɓa yi wa Hajiya musu ba, amma yau na ce, "Ki yi haƙuri, yadda likita ya rubuta za a bi." Na ba Hafsa maganin da hannuna.

Ɗazu, ban ma tambaya ba, ta ɗago min yatsa ɗaya, ta juya ta yi barci.