An Ce In Rage wa Rigar Bilatus Kafaɗa

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Talatu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu, da begen kina hutawa a wurin da babu ciwo, babu hayaƙin kifi. Mu nan lafiya gwargwado. Zafi ya sauko Abuja sosai, azumin Lent ya zo ƙarshe, Juma'ar nan mai zuwa ita ce Juma'a Mai Kyau, ta farko da za mu yi ba ke. Na san gidan waya ba ya kai saƙo inda kike, shi ya sa na sa wasiƙar a shafina na intanet. 'Yan cocinmu za su leƙo su karanta. Su karanta ɗin, da ma ina so su ji.

Mama, ƙara na kawo a kan maganar Baba da wasan Ista, kuma har yanzu ban san wa zan fara tuhuma ba, mutanen coci ko ke kanki.

Abin ya faro ne a shagon ɗinkina na kasuwar Utako, bayan Larabar Toka, farkon azumin. Kin tuna Malama Rifkatu, wadda ta zo daga Jos, mai gilashi da igiya a wuya? Ita ce yanzu shugabar wasan kwaikwayo. Ta shigo da buhu, ta zazzage min kayan wasa a tebur: rigunan sojojin Roma, mayafan mata, da jar rigar nan ta Bilatus da kika sa na ɗinka da tsohon labulen coci. Ta ce in rage wa rigar kafaɗa, in ɗage mata tsawo. Ni kuwa kafaɗar Baba na san ta kamar yunwar cikina. Awon da ta miƙo min na siririn mutum ne, kuma na san mai shi, don ni ke masa ɗinki. Bulus ne, ƙanin mijinta.

Ke kin fi kowa sanin abin da rigar nan take wa Baba. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana buɗe wa oga ƙofar mota a ma'aikata yana cewa to ranka ya daɗe, rana ɗaya tal a shekara shi ne gwamna. Tun ina yarinya yake Bilatus. In ya daka tsawa daga dandamali, yara kan ɓuya a zanin uwayensu, har 'yan sujadar Turanci sukan tsaya a taga don su ji shi. Kina dawowa gida kina tsokanarsa, wai gwamna ya sauko ya ɗebo mana ruwa. Tun da muka binne ki da damina, ban ga abin da ya sa idonsa haske ba sai zancen Ista.

Na tambayi Rifkatu dalili. Ta ce wai an samo sabon ɗan littafin koyarwa na Lent da Ista daga intanet, an juya shi Hausa, akwai darasin yara na kowane mako, akwai wasan Juma'a Mai Kyau a ƙarshe, kuma a cikinsa maganar Bilatus ta yi tsawo, dattijo zai wahala. Na ce ta nuna min in gani. Ta ce ta manta shi a gida. Matar da ke yawo da jaka kamar za ta hau jirgin ƙasa a Idu, ita ce ta manta littafi a gida.

Ranar Lahadi na tare ta bayan sujada, sai labari ya sake kama. Yanzu wai gwiwar Baba ce, ba zai iya hawa matakalar dandamali ba. To me aka ba shi a madadi? Siman, mutumin nan da sojoji suka kama a hanya ya ɗauki gicciye. Mama, ki duba min wannan magana. Wanda gwiwarsa ba ta iya matakala, shi za a ɗora wa katakon da samari ke nishi a ƙarƙashinsa? Na juya abin na juya, na ga abu ɗaya ne ya sa suka zaɓi Siman: ba ya buɗe baki daga farkon wasa har ƙarshe. Na ce lallai, so suke su rufe wa Baba baki a ba wa ɗan gida riga.

Na tafi kasuwar kifi ta Kado wurin Mama Asabe, aminiyarki ta rumfa ɗaya, ina zaton ita ce za ta fi ni tayar da ƙura. Ina! Cewa ta yi in bar wa yara, kowa da lokacinsa. Tana magana tana ta juya kifin da bai buƙaci juyi ba, ko sau ɗaya ba ta kalle ni a ido ba. Iliya ƙanina ma, da yake kwana gida ɗaya da Baba, ce min ya yi in daina neman rigima, ya ɗauki hularsa ya tafi masana'anta tun lokacin aikinsa bai yi ba. Na ce kai, Rifkatu ta bi gida-gida ta gama da kowa.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne da na je na tambayi Baba da kansa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ba wanda ya gaya masa an canja shi. Mama, raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wato a bayan idonsa ma aka yanke, ko darajar furfurarsa ba a duba ba.

Kin san halina, ke kika haife ni. Ranar taron kwamitin coci na naɗe rigar yadda take, ko zare ɗaya ban taɓa ba, na shiga ba tare da an gayyace ni ba. Na ajiye ta a gaban Rabaran, babban fastonmu. Na ce almakashina ba zai taɓa rigar nan ba, kuma in don matar mutum ta rasu ne ake ganin ba shi da mai tsaya masa, to ya haifa. Na faɗi maganar ƙanin miji ƙiri-ƙiri, a gaban Rifkatu. Ina jiran a yi min gardama, na riga na tanadi amsoshi tun a cikin keke mai ƙafa uku da ya kawo ni. Rabaran ya kalli dattawa, dattawa suka kalli ƙasa. Can ya ce shi ke nan, a mayar wa Baba matsayinsa. Rifkatu ta cire gilashinta, ta roƙe ni abu ɗaya kawai, in zo gwajin wasa da kaina ranar Asabar. Na ɗauka baƙar magana ce. Na ce zan zo, da kujerata ma.

Amma tun a hanyar gida nasarar ba ta yi min daɗi ba. An ba ni ita da sauƙi da yawa.

Asabar da yamma na je. Baba ya sa rigar, ta zauna masa cif. Ya hau matakalar nan ba ko dafa bango, na harari Rifkatu don ta ga gwiwar da ta ce ta lalace. Ya buɗe murya, rufin kwanon coci ya amsa. Na ji hawaye, na ji alfahari. A hagunsa, inda kike tsayawa duk shekara a matsayin baiwar da ke riƙe da kwanon wanke hannu, an ajiye kwanon a kan kujera 'yar tsugunno, don babu macen da ta yarda ta tsaya a wurinki.

Ya kai wurin da zai tambayi taro wane fursuna zai sakar musu, sai ya tsaya. Na ɗauka salo ne. Shirun ya yi tsawo. Sai na ga ya karkata kansa hagu, ya miƙa kunne wajen kujerar nan, yana jira. Ya ƙara matsawa. Sannan a hankali, amma lasifika ta kwashe ta watsa wa kowa, ya ce, "Talatu, me ke gaba?"

Na waiwaya na dubi mutane. Sojoji, mawaƙa, matan zumuntar coci, Iliya a bakin ƙofa. Kowa kansa a ƙasa. Abin da ya fi dukana shi ne babu fuska ko ɗaya da ta nuna mamaki. Ni kaɗai ce baƙuwa a cocin da aka yi min baftisma.

Mama Asabe ce ta ja ni bayan coci, gindin mangwaro, ta faɗa min. Ta ce shekarun baya-bayan nan duk ke kike raɗa masa maganarsa, kina sunkuye kan kwano kamar mai ladabi. Ta ce kin tara matan zumunta kin sa sun yi alkawari kada su gaya mana, musamman ni, wai Saratu za ta kwashe shi ta kai asibiti, a rubuta masa suna a kati, ya daina ganin kansa mutum. Ta ce Rabaran da kansa ya zaunar da Baba tun farkon Lent ya yi masa bayanin Siman, Baba ya yarda har ya yi godiya. Da ya ce min ba wanda ya gaya masa, ba ƙarya ya yi ba. Ya manta ne.

Tun daga ranar nake bin sawunki, Mama, kamar ɗan sanda. Komai na tuna sai in ga hannunki a ciki.

Na tuna yadda kika koma tarbar baƙi da ƙarfi tun daga tsakar gida, kina kiran sunan mutum da na ubansa da garinsu. Na ce tsufa ya sa kin zama mai kwakwazo, har na yi miki dariya. Ashe Baba kike faɗa wa wanda ya shigo.

Na tuna kin daina barinsa ya je karɓar fansho shi kaɗai, kin ce kina son shan iskar cikin gari. Ke da mota ke sa ki amai.

Na tuna ranar da ya kira ni da sunan yayarsa da ta rasu, kika yi wuf kika ce ai kamanninmu ne suka yi yawa, kika tura ni ɗauko gishiri.

Har a gadon asibiti, da kika riƙe hannuna kika ce, "Ki riƙa tsayawa kusa da Babanki," na ɗauka maganar masu tafiya ce kawai. Don me ba ki faɗa min sarai ba? Kin yarda da matan zumunta, kin yarda da Rabaran, ni da kika haifa ce ba ki yarda da ni ba? Ina jin haushinki, Mama, gaskiyar Allah ina ji. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, ba ki yi ƙarya a kaina ba. Asibitin zan kai shi. In an dawo daga Galili, fitar nan da coci ke yi ranar Litinin ta Ista, an ci shinkafa a kan dutse an watse, washegari zan kama hannunsa mu tafi, ki yi fushi in za ki yi.

Amma kafin nan akwai Juma'a, kuma ni na jawo ta da bakina. Ba zan iya komawa in ce a ƙwace rigar ba. Baba ya goge ta da kansa ya rataye a bayan ƙofa, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa. In ya tsaya a gaban ikilisiya duka, da baƙi a taga, ya juya hagu ya tarar da kujera, ni na tsayar da shi a wurin.

Don haka na je gidan Rifkatu na karɓi littafin. Yana nan kuwa, ba ƙarya ta yi ba, kuma maganar Bilatus ta yi tsawo kamar yadda ta ce. Ta ba ni, ashe har ta ja layi a wuraren da Baba ke tsayawa. Na yi mata godiya. Duk da haka ban janye maganata a kan Bulus ba, don na ga yadda yake kallon rigar nan.

Ina haddace maganar gwamna a kan keken ɗinki, ina motsa baki, kwastomomi na zaton addu'a nake. Jiya aka yi gwajin ƙarshe. Na ɗaura tsohon zaninki na zumunta, na ɗauke kujerar, na tsaya a hagunsa da kwano. Da ya tsaya ya karkato kai, na sunkuya na raɗa masa. Ya cafke, ya daka tsawa, wasa ya wuce. Haka muka yi har ƙarshe. Yaya kike yi leɓenki ba ya motsi, Mama? Ni kowa ya gan ni.

Da aka tashi, yana wanke hannu a kwanon, bai ɗago ya dube ni ba, ya ce, "Talatu, yau muryarki ta yi ƙasa. Ranar Juma'a ki ɗan ɗaga."

Na buɗe baki in ce masa Baba, ni ce Saratu. Sai na ji na ce, "To, zan ɗaga."

Kin ga ni ma na shiga cikinku. Ki ara min sunanki zuwa Juma'a da yamma, ba zan riƙe shi ya wuce haka ba.

Ubangiji da ya ci nasara kan kabari ya ba ki hutu a hannunsa. Ya riƙe tunanin Baba kada ya zube gaba ɗaya, ya bar masa ko da sunayenmu ne. Ya ba ni murya daidai kunnensa. Ya gafarta min abin da na faɗa a gaban kwamiti, ya gafarta miki abin da ba ki faɗa min ba. Amin.

Taki 'yar da kika ɓoye wa,
Saratu