Sifanar da Ka Nema a Ƙarƙashin Kujera

Assalamu alaikum Baba,

Da fatan Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma dole in rubuta. Tun safe na share tsakar gida sau biyu, na zauna, na tashi.

Inna tana lafiya, sai rama. Ƙanena Sani ya fara tafiya, yana bin bango. Kawu Bello ya kai albasarka kasuwar Aliero. Abokanka na tashar Jega har yanzu in sun gan ni sai su yi maka addu'a.

Baba, ka tuna ranar da ka zaunar da ni a motarka kana koya mini? Ka ce in mota ta faɗa ruwa kada in tsaya kokawa da ƙofa, ruwa ya fi ni ƙarfi. In sauke gilashi da wuri. In ya ƙi, in ɗauki ƙarfe in bugi na gefe, a kusurwa, ba a tsakiya ba. Ka ce na gaba ba ya fashewa da sauƙi. Sannan ka nuna mini babbar sifana a ƙarƙashin kujerarka, ka ce ita da wurin nan mutu ka raba. Na gyaɗa kai kawai, kamar kullum.

Malam Garba mai albasa ya zo ta'aziyya, ina bayan ƙyaure ina ji. Ya ce da motar ta zame cikin rafi kusa da Kuberi, kan hanyar Maiyama, hannun murɗa gilashi guda ɗaya ne ya rage a motar, kuma yana wurinka. Ka sauke na gefenka, ka tura Malam Garba waje, ka tura wani ɗan tireda. Saura wata tsohuwa a baya, ta kasa tsallakowa. Ya ce ganinsa na ƙarshe da kai, ka duƙa kana lalube a ƙarƙashin kujera.

Kowa ya ce bai san abin da kake nema ba. Ni na sani.

Ni na ɗauke ta, Baba. Ranar Talata, kana sallar la'asar, na ɗauka in dandaƙa goruba. Da na ji tarinka a zaure sai na tura ta bayan randa. Da safe, ranar da abin ya faru, ka tambaye ni ko akwai abin da nake so daga hanya, na sunkuyar da kai. Kalma nawa ce? Me ya riƙe mini baki? Da hannunka ya taɓa wurin ka ji wayam, ka san ni ce? Ka yi fushi da ni?

Ana ce mini kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Amma tsohuwar nan fa, wadda ko sunanta ban sani ba?

Wata huɗu ke nan sifanar tana cikin akwatina, naɗe da ɗankwali. Inna ta tambayi Kawu ina take, ya ce ruwa ya tafi da ita. Ina tsaye ina ji.

Yanzu na fiddo ta, ga ta kan cinyata, da nauyi. Inna tana madafi tana tankaɗe. In na ajiye alƙalamin nan wurinta za ni, in aza ta gabanta kafin bakina ya sake rufewa.

Ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya jiƙan tsohuwar da ka ƙi bari.

Ɗiyarka mai shiru,
Hadiza, Jega Firchin