Tabon Soso a Baƙar Motar Ƙanena

Asabar. Aikin farko: tace ruwan sama bokiti biyu, a kai rumfa kafin rana ta taso.

Goggo Safara'u, assalamu alaikum. Layin da ke sama shi na fara rubutawa a littafina yau da safe. Shekara ashirin ke nan ina rubuta abin da zan yi kafin in yi shi, amma duk da haka na tafka ɓarnar da na rasa mafita. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana.

Ni malamin gona ne a Ƙanƙara, shekarata arba'in da ɗaya. Na yi sakandare a Katsina. Ƙanena, wanda zan kira Gide, ko firamare bai gama ba, amma Allah ya buɗa masa. Da kai hatsi kasuwar 'Yankara ya fara, yanzu kwangilar kwalbatoci yake yi tsakanin Faskari da Sabuwa. Na sha bincika zuciyata ko da hassada, ban samu ba. Bana ya sayo baƙar Marsandi. Goggo, ban taɓa ganin abin da hannu ya ƙera mai kyaunta ba. In ka tsaya gefenta da safe, za ka ga kanka da katangar gida da gajimare suna tafiya a jikin ƙofa. Baƙinta zurfi gare shi, kamar ka leƙa rijiya.

Da zai tafi Makka sai ya ba direbansa hutu, ya kawo motar gidanmu na gado inda nake zaune da mahaifiyarmu, Dada, ya miƙa mini makulli a gaban mutane. Ya ce, "Yaya, kai kaɗai na sani da ba ya wasa da abin da aka ba shi." Ni ko tuƙi ban iya ba, sai babur. Na manta rabon da wani ya zaɓe ni a kan wani abu.

Dada tana tsoron bakin mutane a kan motar nan. Kowace Juma'a takan karɓo rubutu wurin malaminta ta yayyafa a kan bonet, wato murfin inji. Tawadar allo kuwa da ƙaro ake haɗa ta. Juma'ar farko ina rangadin gonaki a Mabai, kwana biyu. Na dawo na tarar rana ta gasa ɗigon, ya kama fenti. Na sa busasshen tsumma, ya ƙi fita. Sai na tuna yadda ake fitar da ƙanzo daga tukunya. Na ɗauko soso da toka na dirje, da tsakar rana, da dukan ƙarfina. Har kwano na tara a ƙasa don kada ruwan ayoyi ya zuba inda ake takawa. Wannan na kula da shi, fentin ne ban kula ba. Da wurin ya bushe sai ga tabo toka-toka, faɗin faifai, cike da zane a zagaye kamar saƙar gizo. Ko'ina a motar kana ganin fuskarka, ban da nan.

Wani direba ya kwatanta mini wani dattijo a Ruwan Godiya, bari in kira shi Baba Ɗanhausa. Kirista ne, ya yi shekara talatin yana tuƙa Turawan auduga a Funtuwa. Na ɗauko shi a babur. Ya daɗe yana zagaya motar, hannuwansa a baya, bai taɓa ta ba. Da ya zo kan tabon ya ce, "Malam, tuwo ka tuƙa a nan?" Na ba shi labari duka. Bai yi wa rubutun dariya ba. Cewa ya yi tasa uwar ma da tana raye da ta ɗaura wa motar wani abu. Sai ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa a kan sauran ɗigon da ban kai gare su ba, muka zauna muka ci goro. Da ya ɗaga, ƙaron ya narke, ya share shi da yatsa biyu. Iyakar abin da ya kamata in yi ke nan.

Sau uku ya zo, kuma ban taɓa ganin mai aiki irinsa ba. Kafin ya fara sai ya cire zobe da agogo, ya juya rigarsa don kada maɓalli ya gogi fenti. Ba ya wanki a rana. Ya hana ni barin motar ƙarƙashin darbejiya saboda 'ya'yanta da kashin tsuntsaye, muka kafa rumfar zana. Ruwan rijiyarmu ya ce yana barin fari-fari a baƙar mota, sai na sama. Yakan fara kwarara ruwa har ƙasa ta sauka da kanta, sannan ya sa hannu. Bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma. Tsumman kuwa tsohuwar singileti ce da ya yanke ɗinkinta, in ta faɗi ƙasa ta gama aiki. Daga rufi yake farawa ya sauko, a miƙe, ba a zagaye ba, taya ce ta ƙarshe da nata tsumman dabam. In yana shafa folish, wato man sa ƙyalli, kaɗan yake lakata, ya yi wuri faɗin tafi biyu, ya jira ya dushe, ya goge a hankali kamar mai shafa kan jariri. Jiya na yi ƙofar baya ni kaɗai. Ya sunkuya ya duba ta gefe, ya ce, "To, ka fara jin magana." Na rubuta wannan na ja masa layi.

Game da tabon, ya ce hanya biyu ce. Folish zai cike zanen ya ɓoye shi, amma bayan wanki uku ko huɗu zai dawo. Gyaran gaskiya sai da wani mai mai ɗan kaushi wanda ke cin fenti, kuma yana iya ci har ya kai farin fentin da ke ƙarƙashi. Na roƙe shi ya yi. Ya ƙi. Ya ce fentin ba nasa ba ne, ba nawa ba ne, sai mai shi ya ce a yi.

Ga abin da ya fi damuna. Dada ta ga tabon, ta ce, "Ka gani ko? Bakin da aka jefo nan ya tsaya. Mi na ce maku?" Na bar ta a kan haka. Yanzu ta ce za ta ninka rubutun, har ta fara ambaton wata maƙwabciya, wai bakinta ne. Saura mako uku alhazai su dawo, kuma da motar nan za a je tarya Kano. In na rufe tabon na yi shiru, ranar da ya bayyana kowa zai yarda da maganar Dada. In na faɗa, na karya abin da Gide ya faɗa a kaina a gaban mutane, kuma shi ne abu guda da nake da shi wanda ba shi da shi. Me zan yi?

Ga abin da ya rage na gobe:
1. Ƙarasa folish a ƙofofin hagu.
2. Goge bamba da zoben fitilu.
3. Tsaftace lungun tambarin gaba da gashin kaza, yadda Baba ya nuna.
4. Gyara zanar rumfa ta gabas.
5. Dada. (Ban rubuta komai a gabansa ba.)

Mai Riƙon Makulli, Ƙanƙara.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Na tsallake wasiƙu da yawa na sa taka a gaba saboda lokacinka gajere ne.

Na sakaya sunanka kamar yadda ka roƙa, amma baƙar Marsandi nawa ce a Ƙanƙara? Wanda ke son ɓoye abu da gaske ba ya aiko wa jarida. Ina jin ka riga ka yanke shawara, abokin tafiya kake nema.

Ban raina tsoronka ba. Yabon ƙane a gaban jama'a ba ƙaramin abu ba ne ga wa, kuma mai sabuwar mota yana iya ɓata rai, har ya faɗi abin da ba za ka so ji ba. Ka shirya wa wannan. Amma ka duba ɗaya ɓangaren. Fenti ana gyara shi. Shirun da ka yi wa Dada kuwa ya fara cin mutuncin wata baiwar Allah da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Wannan ba zai jira dawowar alhazai ba. Ka samu Dada ita kaɗai, ka durƙusa ka ce mata hannunka ne da soso. Kada ka ce rubutunta ne ya jawo, don ba shi ba ne, ruwa kaɗai ya isa ya fitar da shi. Kada kuma ka hana ta, ɗanta take karewa. Ka roƙe ta ta karɓo laya a ajiye a aljihun gaban mota. In ta nace sai ta yayyafa, to ta yi da safe a inuwa kana tsaye, bayan ɗan lokaci ka bi da jiƙaƙƙen tsumma da kwanonka.

Na kai wasiƙarka wurin wani mai fentin mota a nan Zariya. Ya ce ka jiƙa wurin ka duba. In zanen ya ɓace yana jiƙe, to a sama yake, hannu zai gyara shi. In ka bi da farce a hankali ka ji yana sarƙewa, ya yi zurfi, sai feshi. Ya ce duk abin da dattijon nan ya koya maka daidai ne, har da ƙin da ya yi. Ni ma ya burge ni. Ka riƙe shi da kyau, ka kai masa gaisuwa ta musamman da kaka.

Ka shafa folish a kan tabon, kariya ce ga fenti, ba yaudara ba ce muddin za ka faɗa. Kada ka tari Alhaji da maganar a filin jirgi ko a gaban 'yan barka. Washegari da safe ka kira shi gefe, ka sa a fito da motar rana, ka nuna masa wurin da yatsanka tun bai gani da kansa ba. Ka faɗi yadda aka yi a taƙaice, ban da dogon neman gafara. Sannan ka gaya masa hanyoyin gyara biyu, ka bar shi ya zaɓa. Zai ga tabo faɗin faifai, zai kuma ga sauran motar, wadda ban yi zaton direbansa ya taɓa sa ta ƙyalli yadda ka sa ta ba.

Ranar tarya kada ka laɓe a motar baya. Ka sa babbar rigarka ka zauna gaba kusa da direba, kai ne wa. Allah ya dawo da Alhaji lafiya, ya ƙara wa Dada nisan kwana, ya sanyaya maka zuciya.

Goggo Safara'u