Birkin Diddige

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna da yara? Ni lafiya lau, sai ɗan targaɗe a hannu, kada a gaya mata.

Abokan aiki ne suka ja ni hawan keke a daji, hanyar tsakuwa, babu mota, sai tudu da gangare. Na cika baki cewa a kan keke na girma. Da muka kama gangara, ƙafata ta tuna keken Baba marar birki, na danna diddige a taya don in tsayar da keken. Na wuntsila, na kwashi maigidana na wurin aiki muka faɗa rafi. Bai kore ni ba, kullum ma sai ya tambayi hannun. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Yaya, birkin keken nan biyu ne, duk lafiyayyu.

Ƙaninka.