Haƙoran Sa'adiya

Daren Laraba, Gazawa

Har yanzu raina tafasa yake. Na dawo da ɗiyata Sa'adiya daga asibitin Maraɗi, ko takalmi ban tuɓe ba Gwaggo Hajo, yayar babana, ta wage mata baki gaban baƙi, ta ce, "Ku dubi haƙora suna marmashewa! Nonon uwarta ne mugu."

Alhali likita ya ce halitta ce. Sinadaran da ke gina haƙori, in sun fito daga ƙwayoyin jiki, sai an liƙa masu wani gishiri wai shi fosfat kafin su yi ƙarfi, nata jikin kuwa bai liƙawa.

Na ce, "Gwaggo, ba akuyar kasuwa ba ce."

Yarinyar ta kwanta ba ta ci tuwo ba. Gobe za a ce in ba Gwaggo haƙuri. Wallahi ba ni zuwa.