Gwiwar da Na Ɓoye wa Likita

Zuwa ga aminina Sajan Bulus,

Gaisuwa da fatan kana cikin hutu. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma kai ka koya mini cewa abin da ba a rubuta ba, hukuma ba ta san da shi ba.

Albishirinka. Takardar amsar hukumar soja ta fito. Sun sake duba gwiwata, sun ɗaga matsayin raunin, kuma sun yarda za a yi mini aiki bayan girbi. Matarka ce ta karanta mini, don ka san Turancina bai wuce na fareti ba.

Ka tuna wautar da na tafka da farko? Likitan soja ya tambaye ni ya ƙafa, na ƙame na ce da sauƙi, alhamdu lillahi. To me zan ce? Haka aka tarbiyyantar da mu, namiji ba ya raki gaban baƙo. Shi kuwa ya rubuta abin da ya ji. Da na ba ka labari sai da ka kira ni sakarai a gaban mai shayi. Ka zauna ka rubuta mini ƙorafi shafi uku: yadda na bar noman gonata ta Randagi, yadda hawa babur ke gagarata, yadda nake salla a kan kujera. Kai da ba Musulmi ba, kai ka lura da wannan.

Yanzu ga abin da ban gaya maka ba. Takardar ƙorafin nan ban kai ta ba. Kunya ta hana ni, sai na ga kamar bara ce da kaki. Na cusa ta ƙasan akwati, duk lokacin da ka tambaya in ce shiru ake ji. Ka yi ta zagin mutanen ofishin Kaduna, alhali ba su da laifi.

Sai bayan an binne ka na ɗauko ta. Ko wasali ban canza ba. Da likita ya sake tambayata, na gaya masa gaskiya, har na yi hawaye, kuma sama ba ta faɗo ba.

Na gode, Bulus. Ka yafe mini ƙaryar shekara guda. Da na kai ta a kan lokaci, da tare muka buɗe amsar.

Sai wata rana.

Naka mai taurin kai,
Kofur Sani mai ritaya, Tsohon Birnin Gwari