Ƙanen Da Na Faɗa Mace Ce

Zuwa ga Shugaban Kwaleji, da duk wanda maganar Obinna ta biyo ta hannunsa.

Ranka ya daɗe, abin da nake roƙo shi ne a bar Obinna ya shiga jarrabawa. Bai ɗauki keken maigidana ba, ko taɓa shi bai yi ba. Bakina ne ya jawo masa. Ina so a ba ni wuri in tsaya in gyara maganar da bakin nan nawa, amma kada a kai ni wurin 'yan sanda, don ina da jaririya a nono.

Malama Saratu, wadda take rubuta mini, ta ce ba a fara wasiƙa haka sai an gaisa. To ina gaishe ka, ranka ya daɗe, ina gaida iyali, ina gaida aiki. Ka yi haƙuri, tsoro ne ya sa na tsallake gaisuwa. Ni ban yi makaranta ba. Ina faɗa ne tana rubutawa, kuma ta ce za ta riƙa gyara mini maza da mata a cikin maganar. Na ce ta gyara ko'ina, amma wurin da na yi ɓarnar ta bar shi yadda ya fito daga bakina, don ku gani.

Na ɗaya. Sunana Talatu, daga wajen Kagoma nake. Maigidana Ishaku ɗalibinku ne, yana karatun malanta. Muna haya a ɗaki ɗaya a gidan Mama Obinna, nan kusa da layin dogo a Kafanchan. Baban Obinna tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a garin nan aka haifi yaransu duka. Obinna ajinsu ɗaya da maigidana, amma yaro ne a kansa. Shi ya sa maigidana ba ya kiransa da suna, ko'ina sai ya ce ƙanena. Masu gadin ƙofarku ma haka suka san shi.

Da na haihu, uwata ba ta da rai, uwar mijina kuma ba lafiya. Mama Obinna ce ta dafa ruwa ta gasa mini jiki da tawul irin yadda suke yi a wajensu, ta dafa mini romo mai yaji har hawaye na zuba tana mini dariya. Ita ce take wa 'yata Godiya wanka har yau. Ina faɗa maka wannan ne don ka san gidan wa na zuba wa ƙasa a ido.

Na biyu, maganar keken. Maigidana ya daɗe yana zuwa makaranta da ƙafa, takalmi ya ƙare, ya isa aji da gumi. Da aka sayar da citta a gida sai babansa ya ce a saya masa keke. Shi dai baƙin keken nan dogo irin na tsofaffi ya so. Obinna ne ya hana. Ya ce hanyar kwaleji da ta Kagoma duk duwatsu ne da kwazazzabo, a nemi irin sabbin nan masu faɗin taya da giya, waɗanda ake kawowa na hannu daga waje. Sun yini a wurin masu kekuna. Maigidana ya ba ni labari yana dariya, wai Obinna ya kifa keke ƙafafu sama yana juya taya yana kara kunne kamar likita, yana shafa ƙarfen jikin ko an taɓa yi masa walda, ya ƙi mai kyan fenti ya zaɓi wani kore duk ƙwarzane. Shi ya zaɓi sarƙa, shi ya zaɓi kwaɗo. Shi ya koya wa maigidana cewa kada ya ɗaure tayar gaba kaɗai, don ta irin wannan keken da hannu ake cire ta, ɓarawo zai bar maka taya ya tafi da sauran. Sai dai a zura sarƙa ta ƙarfen tsakiya da tayar baya, a haɗa da turken da ba ya motsi. A gabana ya nuna masa a jikin bishiyar gwaiba ta tsakar gida. Wanda ya koya wa mutum yadda zai hana ɓarawo, shi aka ce ɓarawo ne.

Kwaɗon yana da makulli biyu. Ɗaya yana wuyan maigidana, ɗaya a rataye a ƙusa bayan ƙofarmu. Da za a tura wasu daga ajinsu gwajin koyarwa, shi aka tura shi Kauru. Ɗakinmu ƙarami ne, keke ba ya shiga sai an ɗaga tabarma, sai ya kai shi rumfar kekuna ta bakin ƙofarku ya ɗaure yadda aka koya masa, ya gaya wa masu gadi, ya hau mota ya tafi.

Na uku, ranar da abin ya faru. Rifkatu ta zo. Rifkatu ƙanwar maigidana ce, uwa ɗaya uba ɗaya, budurwa ce, tana tuƙa keke fiye da maza. Ta shigo da safe a gigice ta ce jikin mamarsu ya tashi, ta sayo magani a kemis, motar Kagoma kuma ba za ta cika ba sai rana ta yi. Ban ma sauke tukunya ba ta zare makullin daga ƙusa ta fita. Daga baya ta gaya mini da ta isa rumfar ba kowa, masu gadi suna can suna raba rigimar wasu masu mota, ta buɗe kwaɗo ta hau ta tafi.

Da rana ina daka, Godiya a bayana, sai ga masu gadinku mutum uku da kaki, babbansu a gaba. Mama Obinna tana kasuwa, ba kowa a gidan sai ni. Ranka ya daɗe, ni tun ina yarinya idan na ga kaki tsoro nake ji. Ban taɓa magana da hukuma ba. Taɓarya ta faɗi daga hannuna. Babban ya tambaye ni ko ni ce matar Ishaku, ya ce keke ya ɓace a hannunsu, wa yake da makulli. Hausarsa irin ta can arewa ce, mai sauri, rabi nake kamawa. Ga abin da na ce, kuma a nan ne na ce kada Malama ta gyara:

"Ƙanensa ne ya zo ya ɗauki makulli, ya fita da gudu."

Ya ce mijina ya sani? Na ce bai sani ba. Ya ce ni na ba shi? Na ce ban ba shi ba, shi ya ɗauka da kansa. Duk gaskiya na faɗa. Sai suka dubi juna, babban ya ce sun san shi, ya rubuta wani abu, suka juya. Ni har daɗi na ji da suka tafi da wuri. Na ɗauka Rifkatu suka sani.

A yarenmu, ranka ya daɗe, idan za ka ce shi ko ita, kalma ɗaya ce. Hausar da na koya a kasuwa da coci ita ma haka muke yinta. Uwata shi ne, 'yata shi ne, ƙane kuma ƙane ne ko yana ɗaura zani. Duk unguwarmu ba wanda zai ji na ce ƙanensa ya tsaya a kan namiji, sai ya tambaya wanne. Ban san a kunnen wani maganar tana da ƙafa ɗaya tak ba. Da ya ce mini mace ko namiji, ko ya ce wane suna, da ba a kai ga wannan wasiƙar ba.

Na huɗu. Abin da aka yi wa Obinna na ji shi ne a bakin uwarsa. Wai an shiga aji malami yana tsaye, aka kira shi, aka riƙe shi ta ƙugun wando a gaban 'yan ajinsu har ofishin masu gadi. Aka ce ya fito da keke, ya ce bai san zancen ba, aka ce ai ɓarawo ba ya cewa e. Aka ce ba zai shiga aji ba, ba zai zauna jarrabawa ba, sai kwamiti ya zauna a kansa. Ba su gaya masa wa ya ba da shaida ba. Sun ce dai an tabbatar musu ƙanen Ishaku ne.

Ina zaune a kan turmi lokacin da ta faɗi wannan kalmar a tsakar gida. Na ji ta kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na gane. Kuma ban buɗe baki ba. Mama Obinna tana kuka tana cewa wane maƙiyi ne ya yi wa ɗanta haka, ni kuwa na tashi na shiga ɗaki na ce Godiya tana son nono. Washegari matar nan ta zo da ruwan zafi kamar kullum, idonta a kumbure, ta karɓi 'yata ta yi mata wanka tana mata waƙa. Na tsaya riƙe da sabulu ina kallon ƙasa. Abincin da ta aiko mini na rufe shi, na kasa ci, na kasa mayarwa.

Na biyar. Na aika wa Rifkatu ta bakin mai mota, na aika wa maigidana. Da Rifkatu ta dawo da keken, duk laka, na ce ta tsaya mu je tare, amma da ta ji zancen kaki sai ta ajiye shi ta koma wurin mamarsu. Ni ban iya hawa ba. Na goya Godiya na tura shi da hannu tun daga layin dogo har ƙofarku, feda tana bugun ƙwaurina. Na ɗauka idan suka ga keke magana ta ƙare.

Sun karɓi keken. Babban ya ce ashe yaron ya ji tsoro ya biyo da shi ta hannuna. Na ce a'a, mace ce ta ɗauka, ƙanwar mijina. Sai ya kwaikwayi muryata a gaban yaransa, yana cewa ƙanensa ne ya ɗauka, ya ɗauka, suna dariya. Ya ce da kunnensa ya ji na ce namiji, yau kuma namiji ya zama mace, ko an ba ni wani abu ne. Ya ce wanda ya canza shaida wurin 'yan sanda ake kai shi, kuma can ba a shiga da goyo. Ya ce in yi tunanin karatun mijina ma. Ban san lokacin da na durƙusa na ce ya yi haƙuri ba. Na ba shi haƙuri a kan gaskiya, ranka ya daɗe, na juya na tafi gida. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Maigidana ya baro Kauru ya je da kansa. Aka ce masa magana ta bar hannun masu gadi, kuma kowa ya san abokinsa yake karewa. Bai zage ni ba. Ya zauna a bakin gado ya riƙe kai, ya ce da ma da ƙafa ya ci gaba da tafiya. Obinna kuwa ya daina fitowa tsakar gida. Da yamma nakan ji shi yana karatu a ɗaki da ƙarfi, karatun jarrabawar da ba a ce zai shiga ba.

Na shida, kukana da ku. Laifina na ɗauka, ban ɓoye ba. Amma makarantarku a ƙasarmu take. Rabin ɗalibanku iyayensu irin Hausata suke yi. Masu shara, masu sayar da ƙosai a bakin ƙofa, duk haka suke magana. Yaya za a ɗauki kalma ɗaya daga bakin mace a tsorace, ba a tambaye ta suna ba, a je a kama ɗan mutane ta wando? Kuma da na dawo in gyara, me ya sa aka tsorata ni da 'yata? Ban ce a kori kowa daga aiki ba, shi ma babban yana da yara. Na san tsoro ne ya kama su da keke ya ɓace a rumfarsu. Amma tsoronsu da nawa, a kan Obinna duka suka sauka.

Ga roƙona. A bar shi ya zauna jarrabawa tare da 'yan ajinsu, don an ce ta kusa, kuma idan ta wuce shi shekara ce ta tafi. A kira ni gaban kwamiti, a sa mini wanda yake jin yarenmu a gefe, kuma a yi mini alkawari zan koma gida da Godiya a bayana. Rifkatu ma za ta zo, babanta ya ce ko da igiya zai kawo ta. Sannan a ajin da aka fitar da shi, a can a koma a faɗa da ƙarfi cewa ba shi ba ne. Keken kuwa yana nan wurinku, ba ma gaggawarsa.

Ubangiji ya ba ka hikima, ranka ya daɗe, ya tsare ka da iyalinka, ya sa kada yaranka su taɓa faɗawa a bakin wanda bai iya magana ba.

Kada ka ɗauka a ɓoye nake wannan. Na gaya wa fasto. Na gaya wa matan zumunta na coci ranar da muka taru, a tsaye, na kasa ɗaga kai. Na gaya wa baban maigidana. Jiya kuma na gaya wa Mama Obinna, tana tsakiyar yi wa Godiya wanka. Ta ci gaba da zuba wa yarinyar ruwa a baya. Na jira ta ce mu kwashe kayanmu. Sai ta naɗe Godiya a tawul ta miƙo mini, ta ce, "Riƙe shi, yana jin sanyi." Daga nan ta tsaya, ta dubi yarinyar, ta dube ni. Ita ma haka take faɗa.

Ta ce ranar da za ku kira ni, ita za ta goya Godiya ta tsaya a bayana. Obinna ne kaɗai ban iya fuskanta ba tukuna, amma ɗakinsa yana jikin wurin wankan, kuma tagarsa a buɗe take. Saura kai, ranka ya daɗe.

Wassalam.

Ni ce Talatu, matar Ishaku, maman Godiya.